Gidan Attajiri Kafin Zuwan Banki a Ƙasar Damagaram

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Damagaram, ta ratsa Kance da Matameye, ta faɗa Ɗan Barto, sa'an nan ta miƙe Daura da Kano, ya ga ƴan canji zaune da damman naira da sefa a gabansu, ya kuma ga yadda jama'a ke cika ofisoshin aika kuɗi ranar kasuwa, mai yiwuwa ne ya zaci ajiya da lamuni da aike duk baƙin al'amura ne waɗanda Nasara suka zo da su. Alhali kuwa tun a ƙarni na 19, zamanin da babu takardar kuɗi ko ɗaya a ƙasar nan, akwai mutanen da ke riƙe da waɗannan ayyuka uku, ba su da allo a ƙofa, ba su da akawu, iyakar abin da baƙo zai gani shi ne zaure da buzu da jama'a suna shiga suna fita.

Larurar da ta haifar da su ita ce nauyin kuɗin zamanin. Wuri ake kashewa, kuma ƙidaya shi ake yi biyar-biyar da yatsu a kan tabarma, ana tarawa tsibi-tsibi. Bature matafiyi Heinrich Barth ya ga ana ƙirga wuri 500,000 a Tasawa cikin 1851, abin har ya ba shi mamaki, kuma a wannan shekara ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan riyal guda na azurfa a Kano. Ke nan keso guda, wato wuri 20,000, wanda kaya ne sosai a kan ƙato, bai wuce riyal 8 ba. To, falken da ya sayar da raƙuma ko turkuɗi na keso hamsin, ina zai kai wannan dukiya, a hanyar da ba ta rasa ƴan fashi da mahara? Dole ya nemi mutumin da zai bar wa ita, wanda kuma maganarsa kaɗai za ta isa a biya shi a wani gari.

Wannan mutum shi ne mai gida, ko fatoma. Idan ayari ya sauka, yaransa ne za su kwance kaya, su ɗaure dabbobi a turke, a fito da fura daga cikin gida; sai an huta, an yi sallar la'asar, sa'an nan za a zauna a zaure a buɗe zance. Shi zai kira dillali, shi zai ce wane ana iya ba shi kaya zuwa wata biyu, wane kuwa sai hannu da hannu. In mai saye ya gaza, shi ke biya, domin da bakinsa ya ce “na lamunce”, kuma la'adar da yake ci ladan wannan kasada ce. A ƙananan garuruwa irin na yankin Kance, waɗanda dā suke ƙarƙashin sarakunan Damagaram, irin wannan mutum galibi manomi ne babba tukuna, rabin jarinsa yana cikin rumbu, kuma masu zuwa wurinsa da damina, sa'ad da hatsi ya ƙare a gidaje, sun fi fatake yawa.

Shari'a kuwa ta yi wa sana'ar iyaka, tun da bashi da ruwa haramun ne ba tare da saɓani ba. Saboda haka aka dogara ga hanyoyin da Risala da Muhtasar na Halilu suka bayyana hukuncinsu: ƙirali, inda jari na mutum ɗaya ne, wahalar tafiya ta wani, riba a raba bisa sharaɗin da aka ƙulla tun farko, da sayarwa zuwa ajali, da jingina, da ajiya, wadda amana ce tsantsa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, shi ya sa ba a raba zauren attajiri da malami mai tawada da alƙalami. Ba za a ce kowa ya tsarkaka ba. Wanda ya ba talaka damin gero da damina don ya karɓi biyu da kaka, ko da wane suna ya kira cinikin, malaman zamaninsa sun san abin da ya ci.

Amma abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne cewa takarda ba ita ke riƙe da wannan dukiya ba, zumunta ce. Attajiri ba ya ɗaukar baƙo ya damƙa masa kayan keso ɗari ya ce ya tafi Kano. Ƙanensa zai aika, ko ɗansa, ko yaron da ya tashi a gidansa tun yana ɗaukar buta, wanda shi ya yi masa kaciya, shi ya yi masa aure, shi kuma zai raɗa wa ɗansa suna. Irin wannan yaro in ya ci amana ba kuɗi kaɗai ya ci ba, ya rasa gida, ya rasa surukai, ya rasa garin da zai koma. Aurar da ƴaƴa mata ma bisa wannan lissafi yake tafiya: ɗaya gidan malamai, don a sami mai faɗa a ji a gaban alƙali, ɗaya gidan sarauta, don a sami inuwa a fada, ɗaya ga abokin ciniki na wani gari, don ya zama duk kayan da aka sauke a can a gidan suruki aka sauke. Matan gida su ma ba ƴan kallo ba ne, gama dukiyar mace tata ce a shari'a, kuma sau da yawa kaɗinsu da awakinsu da adashinsu su ke toshe ɓaraka ranar da ayari ya makara. Wajibi ne kuma a faɗi abin da ba shi da daɗin ji: cikin waɗannan amintattu da yawa bayi ne, kuma ƴan Adam suna cikin hajar da ake biyan bashi da ita.

Wanda ya kai matuƙa a wannan fage a ƙasar Damagaram shi ne Malam Yaro na unguwar Zango. Ya yi tashe a bayan zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birnin Damagaram da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa, ya mai da garin babbar mahaɗar ayarin Azbin da na Barno da na Kano kafin rasuwarsa a 1884. Hauren giwa da gashin jimina da jemammun fatu suna fita ta hannun Malam Yaro zuwa Tarabulus, yadi da takarda da sukari suna shigowa, yana da wakilai a garuruwa masu nisa, alhali tafiya ɗaya ta Sahara, zuwa da komowa, takan ci mafi yawan shekara ko fiye. Sa'ad da ayarin Faransawa na Foureau da Lamy ya iso Damagaram a watan Nuwamba 1899, bayan ya ƙetare hamada daga Aljeriya ya rasa kusan dukan raƙumansa, Malam Yaro ne ya ba su kaya bashi a kan takardar alkawarin biya. A lura da wannan da kyau: sojan daular Turai ne suka zo a tsiyace, ɗan kasuwar Zango ya lamunce su.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ɗabi'a tamu ce mu kaɗai. Masaniyar tarihi Naomi Lamoreaux ta nuna, a littafin da ta wallafa a 1994, cewa bankunan arewa maso gabashin Amurka a farkon ƙarni na 19 galibi dangi da surukai ne ke kafa su, kuma kaso mai yawa na rancen da suke bayarwa ga shugabannin bankin da ƴan uwansu yake komawa, mutanen gari suna sane, ba su kuma ɗauke shi abin kunya ba. Bambancin a wuri ɗaya yake, amma babba ne. Bankin Ba'amurke yana da takardar izini daga hukuma da hannayen jari waɗanda ake saye ana sayarwa, don haka in mai shi ya mutu a binne shi, gobe a buɗe ƙofa. Gidan attajirinmu kuwa ba shi da rai dabam da na mai gida. Ranar da ya cika, sai a biya basussuka, a fitar da wasiyya, matan aure su raba tumuni, ƴaƴa su raba saura, namiji rabon mata biyu. Hukunci ne na adalci ga magada, sai dai jarin da aka tara cikin shekara arba'in yakan watse cikin mako guda, in ba a sami babban wa mai haƙuri da ya iya riƙe ƙannensa a tukunya ɗaya ba.

Ga kuma hatsarin kusantar masu mulki. Lamunin da Malam Yaro ya yi wa Faransawa bai tsare shi ba: a 1906 suka zarge shi da ƙulla makirci tare da Sarki Amadu ɗan Basa, suka tuɓe sarkin, suka kore su zuwa Kodebuwa. Bayan shekara 5 jirgin ƙasa ya iso Kano, Italiya kuma ta auka wa Tarabulus a wannan shekara ta 1911, sai cinikin hamada ya durƙushe, kaya suka juya kudu, gyaɗa ta maye gurbin gashin jimina a Matameye da Magarya. Attajiran da suka biyo baya sun koyi shiga sabon gidan ba tare da sun rushe tsohon ba. Ana ba da labarin Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, cewa a 1929 ya kai wa bankin Ingilishi na Kano ajiyar azurfa kayan raƙumi 20, alhali wakilansa masu sayen gyaɗa a ƙauyuka, waɗanda yake ba jari tun kafin kaka, ƴan uwa ne da yaran gida da mutanen da wani amintacce ya tsaya musu.