Shin Ko Kun San? Yadda Nahiyoyi Suka Fara Gasar Ƙwallon Mata

Shin ko kun san Asiya ce ta riga kowa shirya wa mata gasar nahiya? A shekarar 1975 aka yi ta farko a Hong Kong, wata ƙungiya mai zaman kanta ta ƙwallon mata ce ma ta tsaya a kai, tun hukumar ƙwallon nahiyar ba ta sa baki ba. Abin dariyar, kofin bai zauna a Asiya ba. New Zealand, wadda gayyatarta aka yi, ita ta doke Thailand da ci 3-1 a wasan ƙarshe ta yi gida da shi.

Taiwan ta rama wa Asiya. Bayan ta ci kofin nahiyarta sau uku a jere, sai ta shiga gasar yankin Oceania a 1986, ta ɗauke wannan ma. Daga baya China ta karɓi ragamar Asiya, kofi bakwai ba hutu daga 1986 zuwa 1999.

Shin ko kun san wasannin gasar Turai ta farko, a 1984, minti 70 kacal aka riƙa buga kowanne? Rabi-rabi na minti 35, da ƙwallon da ba ta kai girman ta maza ba, wai don kada mata su gaji. A garin Luton na Ingila aka ƙarƙare, a filin da ruwa ya mayar taɓo tsundum, Sweden ta yi nasara a bugun fenareti. Kada ku manta, Ingilar nan ta shafe kusan shekara 50 tana hana mata wasa a filayen hukumarta, tun daga 1921.

Ga kuma tukuicin da ya shiga tarihi. Da matan Jamus ta Yamma suka ci kofin Turai a 1989, hukumarsu ba ta ba su ko sisi ba. Kowacce aka miƙa mata saitin kofunan tangaran na shan kofi, masu zanen furanni, kamar ana haɗa wa amarya kayan ɗaki. Matan nan ba su yi zuciya ba: Jamus ta tara kofi takwas, shida daga ciki a jere, daga 1995 zuwa 2013. A 2022 kuwa mutum 87,192 ne suka cika Wembley lokacin da Ingila ta doke ta.

Shin ko kun san nahiyoyi uku a shekara ɗaya suka farka? Afirka, Kudancin Amurka da Arewacin Amurka duk a 1991 suka fara nasu. Ni dai ban ga alamar ƙauna ce ta kai su ba. FIFA ce ta sa gasar kofin duniya ta mata ta farko a China a wannan shekarar, dole kowa ya nemi hanyar fitar da wakilansa. Gaggawar ta nuna kanta: ƙasashe uku rak suka hallara a Maringá ta Brazil, wato mai masauki da Chile da Venezuela. Tun daga lokacin sau ɗaya tak kofin ya kuɓuce wa Brazil, a 2006, Ajantina ta riƙe shi a gida.

A Haiti kuwa, inda aka yi ta Arewacin Amurka, Amurka ta zura ƙwallo 49 a wasa biyar, ba a taɓa ragarta ba.

Mu dawo gida. Gasar Afirka ta 1991 da ta 1995 gida-da-waje aka yi su, ƙasashe da dama suna janyewa. Sai a 1998 aka tara kowa wuri guda, a Najeriya, aka raba wasannin tsakanin Kaduna da Abeokuta. Super Falcons ta Najeriya suka ci Maroko 8-0, suka ƙare da Ghana 2-0 a wasan ƙarshe, babu wanda ya jefa musu ko ɗaya. Bayan shekara biyu, a Afirka ta Kudu, ba a ma busa tashi a wasan ƙarshe ba: Najeriya na gaba da ci 2-0 'yan kallo suka fara jifa, aka dakatar da wasa, aka ba ta kofi. A 2004 Perpetua Nkwocha ita kaɗai ta ci huɗu cikin biyar da aka ɗura wa Kamaru.

Wa ya taɓa ƙwace kofin daga hannun Najeriya? Ƙasashe biyu ne jal. Equatorial Guinea a 2008 da 2012, duk a gidanta, sai Afirka ta Kudu a 2022 a Rabat.

Cin kofi daban, ganin kuɗi daban. A 2016, bayan sun doke Kamaru 1-0 a gaban jama'arta a Yaoundé, 'yan wasan Falcons sun ƙi barin otal ɗinsu a Abuja har kusan mako biyu, suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya, kafin a biya su alawus ɗin da suke bi.

Shin ko kun san gasar da ake kira ta 2024 a watan Yulin 2025 aka buga ta? A wasan ƙarshe da Najeriya, Maroko na gaba da 2-0 aka tafi hutun rabin lokaci, Rabat ta ɗauki sowa. Esther Okoronkwo ta farke ɗaya da fenareti, Folashade Ijamilusi ta rama ta biyu, Jennifer Echegini ta rufe taro saura minti biyu. Kofin Najeriya na goma ke nan a lissafin hukumar ƙwallon Afirka, CAF, wadda daga 1998 take fara ƙidaya, kuma a wannan karon ladansa dala miliyan ɗaya ne.