Kafin A Jinginar Da Gona: Hanyoyin Neman Sukolashif Da Rancen Karatu

Kowace shekara, da zarar jami'o'i da kwalejoji sun fara fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, sai mu ga gidaje da yawa cikin ikilisiyoyinmu sun shiga murna da fargaba a lokaci guda. Murna domin yaro ya ci JAMB ya sami gurbi, fargaba kuwa domin ba a san inda kuɗin rajista zai fito ba. Al'amarin ya ƙara tsanani tun 2023, shekarar da aka janye tallafin man fetur, jami'o'in tarayya da dama kuma, har da ta Jos da ta Bayero a Kano da ta Legas, suka ƙara kuɗin da ɗalibi ke biya. Abin da ke biyo baya kuwa kowa ya sani: a sayar da masara tun tana arha, a kai bijimin huɗa kasuwa, ko a jinginar da gonar gado. Wani gidan ma sai a ce wa 'ya mace ta haƙura tukuna, ɗan'uwanta ya fara tafiya.

To 'yan'uwa, akwai ƙofofin taimako da ya kamata a ƙwanƙwasa kafin a kai ga haka. Sai dai kuɗin nan ba ya bin mai buƙata har gida. Wanda ya tanadi maki mai kyau, ya kintsa takardunsa, ya kuma cika fam kafin a rufe, shi ake ba. Da sanyin safiya ake kama fara.

Da fari mu rarrabe abu biyu da mutane ke yawan haɗawa. Sukolashif kyauta ne, ba a biyansa, amma ana ba da shi ne bisa ƙwazo, yawanci kuma sai an yi jarrabawa. Rance kuwa bashi ne, ko da babu ruwa a kansa, ran biya tana nan tafe.

Ƙofa mafi kusa ita ce ta jiha. Jihohinmu, kamar su Kaduna, Filato, Bauchi, Gombe, Adamawa da Borno, kowace tana da hukumar ba da sukolashif ga 'ya'yanta da ke manyan makarantu. Kuɗin ba shi da yawa, wata shekarar kuma yakan makara, amma yana sayen littafi ya biya kuɗin mota. Babban abin da ake nema shi ne takardar shaidar cewa ɗalibi ɗan asalin wata ƙaramar hukuma ne a jihar. Wannan takarda a sakatariyar ƙaramar hukuma ake karɓarta, bai kamata kuma a bari sai an buɗe fam sannan a fara zaryar neman ta ba.

Ƙofa ta biyu ita ce Hukumar Sukolashif ta Tarayya, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi a Abuja. Ita tana taimakon ɗaliban da ke jami'o'i, kwalejojin fasaha da kwalejojin horon malamai na gwamnati, waɗanda suka gama shekarar farko. Ga ɗan jami'a an saba neman jimillar maki, wato abin da ɗalibai ke kira CGPA, da ya kai 4.0 cikin 5.0, sannan ya zauna jarrabawa ta kwamfuta. A 2025 ma'aikatar ta ba da sanarwar ɗaga abin da mai neman digirin farko ke samu daga naira 300,000 zuwa 450,000 a shekara. A wannan shekarar ce kuma aka dakatar da tsohon shirin nan na tura ɗalibai ƙasashe irin su Rasha, Maroko, Aljeriya da Hungari bisa yarjejeniya, saboda haka kada wani ya ruɗe mu da shi.

Bayan gwamnati akwai kamfanoni da asusu na musamman. Asusun PTDF, wanda aka kafa tun 1973, yana ɗaukar nauyin masu karatun da ya shafi man fetur da iskar gas, irin su injiniya da ilimin duwatsu da ma'adinai. Kamfanin NLNG da wasu kamfanonin mai suna da nasu shirin ga 'yan digirin farko daga kowace jiha. Gidauniyar MTN kuma tana taimakon ɗaliban kimiyya da fasaha, tana da wani shiri dabam domin makafi. Amma sukolashif na ƙetare da ake yawan ambato, kamar Chevening na Ingila da na Ƙungiyar Ƙasashen Renon Ingila, akasari na masu neman digiri na biyu ne ko na uku. Haka nan kuɗin TETFund na ƙaro karatu, na malaman manyan makarantu ne, ba na ɗalibai ba. Sanin wannan zai hana mu ɓata lokaci a ƙofar da ba tamu ba.

A nan muna so matasanmu su saurara da kyau. Kusan dukan waɗannan hanyoyi sakamakon shekarar farko ko ta biyu suke dubawa. Ɗalibin da ya ɗauki aji ɗaya a matsayin lokacin hutawa daga wahalar sakandare, ya rufe wa kansa ƙofa tun bai san da ita ba, gama makin da ya faɗi a farko da ƙyar yake tashi. Karatun zangon farko kuɗi ne, ba wasa ba.

Ga wanda makinsa bai kai ba, akwai rancen karatu. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokarsa a watan Yuni 2023, aka sake ta a Afrilu 2024 aka cire sharaɗin kawo masu tsaya wa ɗalibi da na ƙayyade abin da iyaye ke samu, asusun NELFUND kuma ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu 2024. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, wanda ya nema kuma ana ba shi na guzuri, wanda aka fara da naira 20,000 a wata. Babu ruwa a kai. Ana soma biya shekara 2 bayan bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Amma mu lura, na makarantun gwamnati ne kaɗai. Jami'o'i masu zaman kansu, har da waɗanda ikilisiyoyi suka kafa, ba sa ciki. Muna shawara iyaye su zauna da yaro a yi lissafi kafin ya karɓa, domin sunansa ne ke kan bashin.

Akwai wani tarko da ya fi kama mu, wato sha'anin suna. Yaro ɗaya yana da sunan gida, da sunan baftisma, da sunan uba, da na kaka. A takardar WAEC ko NECO a rubuta wani, a NIN wani, a BVN na banki kuma wani, ranar haihuwa ma ta bambanta. Mutum zai iya fahimta, amma kwamfuta ba ta jin bayani, watsi take yi da fam ɗin. Tun yaro yana aji huɗu na sakandare a zaɓi suna ɗaya da jeri ɗaya, a tsaya a kai. In an riga an sami saɓani, a je a gyara tun da wuri, gama gyaran yana cin lokaci.

Haka kuma, in za a cika fam a shagon intanet, ɗalibi ya sa lambar wayarsa da adireshin imel nasa, ba na mai shago ba, domin ta nan ake kiran jarrabawa. Duk wanda kuma ya ce a tura masa kuɗi zai sa sunan yaro a jerin masu cin sukolashif, ɗan damfara ne. A tafi ofishin kula da harkokin ɗalibai na makaranta a tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Mu a ikilisiya muna da namu aikin. Cikinmu akwai malamai, ma'aikatan gwamnati da ɗaliban da suka riga suka bi wannan hanya. Me zai hana dattawa su naɗa mutum uku ko huɗu su riƙa bin labarin buɗe fam, a faɗa a lokacin sanarwa ran Lahadi, a kuma duba takardun yara kafin su tafi? Bugu da ƙari, sukolashif da rance duk sai ɗalibi ya shiga makaranta suke zuwa. Kuɗin karɓar gurbi, kuɗin mota, katifa da ɗan abincin farko, a nan ne da yawa ke maƙalewa. Ƙaramin asusu daga zumuntar mata, ta maza da ta matasa, da rasit da lissafi a fili, zai iya haye da yaro wannan rafi.

Muna kira ga iyaye, wannan mako a fito da takardun kowane yaro, mace da namiji, a jera su a kan tabarma a duba ko sunan ya zo ɗaya. Daga nan aikin yake farawa. Allah ya ba yaranmu nasara, amin.