Kiran waya na iya taimaka wa tsofaffinmu su riƙe lafiyarsu: abin da korona ta koya mana

 Yau za mu yi bayani a kan abin da ya shafi kusan kowane gida: tsoho ko tsohuwa mai hawan jini, wanda muka fi sani da tansiyo, ko mai ciwon sukari, ga gidan likita da nisa, ga ƴaƴa sun watsu neman abinci. Yawancinmu mukan aika kuɗi, mu kira mu gaisa, a ce mana "jiki da sauƙi", mu kashe waya. To wannan kiran da muka saba yi, idan aka tsara shi, yana iya hana tsoho barin magani har ciwo ya kayar da shi.

Abin da ya faru lokacin korona

A ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta bayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Ranar 19 ga watan aka sanar da mutum na farko da ya kamu a Nijar. Duk mun tuna abin da ya biyo baya: an rufe iyakoki da makarantu, an hana sallar jam'i, an killace birnin Yamai, an sa dokar hana fitar dare. Tsofaffi aka fi ja wa kunne su zauna gida, domin cutar ta fi yi musu illa, musamman masu tansiyo da sukari.

Nan wata matsala ta ɓullo. Mutumin da aka ce kada ya fita, shi ne kuma ke bukatar zuwa awo da karɓar magani kowane wata. Wasu ma tsoro ya hana su kusantar likita, kada a ce suna da korona a tsare su. A watan Mayu 2020 OMS ta tambayi ƙasashe 155, ta tarar cewa a kashi 53 cikin ɗari na ƙasashen kula da masu hawan jini ya samu cikas, na masu sukari kuma a kashi 49 cikin ɗari. Da haka ma'aikatan lafiya a wurare da yawa suka koma ga waya.

Mene ne rakiyar lafiya ta waya?

Mun kira ta rakiya ne saboda aikinta ya yi kama da na mai raka baƙo hanya. Likita shi ke auna mutum, ya gano ciwo, ya rubuta magani. Amma mai tansiyo yakan ga ma'aikacin lafiya na ƴan mintoci kawai a wata, ko ma a wata uku. Sauran kwanakin duka yana gida, shi ke yanke shawarar ya sha ƙwaya ko ya bari, ya ci miya mai gishiri ko ya rage. Mai rakiya shi ne wanda ke kiran sa a rana sananniya, ya tambaye shi yadda makon ya wuce, ya saurare shi, su tsayar da abu guda da za a yi kafin kira na gaba. Yana iya zama ma'aikacin lafiya, yana iya zama ɗan sa-kai da aka horar, yana iya zama ɗa ko jika.

Ba sabon abu ba ne. A jami'ar Stanford ta Amurka, wata malama mai suna Kate Lorig da abokan aikinta sun tsara wani horo na mako 6 domin masu ciwon da ba ya warkewa, ana zama na awa biyu da rabi kowane mako, kuma masu jagorantar zaman sau da yawa su ma masu irin ciwon ne. Kowane mako mutum yakan zaɓi ƙaramin aiki guda da kansa, a tambaye shi: daga sifiri zuwa 10, yaya ƙarfin zuciyarka cewa za ka iya? Idan amsar ba ta kai 7 ba, sai a rage aikin har ya zama wanda zai iya. Da korona ta hana taro, aka mayar da wannan horo ta bidiyo da ta waya.

A birnin Austin na jihar Texas kuma, a shekarar 2020, an yi gwaji da mutum 240, akasarinsu tsofaffi masu zaman gida da ake kai wa abinci. Rabinsu aka riƙa kira har mako 4. Masu kiran matasa ne ƴan shekara 17 zuwa 23, ba likitoci ba, an ba su ɗan gajeren horo a kan yadda ake sauraren mutum, kuma kira bai cika wuce minti 10 ba. Da aka kwatanta su da waɗanda ba a kira ba, sai aka ga kaɗaici da damuwa da fargaba sun ragu a wurinsu. Wannan ya shafi maganarmu, domin tsohon da zuciyarsa ta mutu ba ya kula da magani, ba ya ma kula da abinci.

Kusa da mu, ƙasar Senegal ta fara tun 2014, da taimakon OMS da hukumar sadarwa ta duniya, tana aika wa masu sukari saƙonnin waya lokacin azumi, ana tuna musu su sha ruwa sosai kafin alfijir, su rage zaƙi, su ga likita game da maganinsu. Sai dai saƙon rubutu yana bukatar mai karatu. A ƙauyukanmu murya ta fi shiga, shi ya sa kira da saƙon murya na WhatsApp suka fi dacewa da mu.

Yadda za a yi a gida

Da farko a tsayar da rana da lokaci, misali kowace Juma'a bayan la'asar, kada a riƙa canzawa. Tsoho idan ya san ranar, zai shirya, zai ma riƙa jira. Na biyu, a samu mutum guda a gida, jika ɗan makaranta ko wata suruka, wanda zai kula da cajin waya, ya riƙe karnen likita, ya karanta abin da aka rubuta a ciki. Na uku, wanda ke aika kuɗi ya ware na magani daban, a sayi na wata tun na hannu bai ƙare ba, kuma a farmasi, ba wurin masu tallan ƙwayoyi a rana ba.

Sai yadda ake tambaya. Idan ka ce "Baba, kuna shan magani?" amsar da za ka samu ita ce "ina sha". Ga misalin yadda hira za ta fi amfani:

"Baba, ina wuni, yaya ƙarfin jiki? Ƙwaya nawa suka rage a kwalin?"

"To, da saura dai. Kwana biyu ban sha ba, na ji kaina ya daina ciwo."

"Allah ya ƙara sauƙi, Baba. Me majo ya ce muku ranar da ya rubuta ta?"

"Ya ce kullum, ko da na ji daidai."

"To me ke sa a manta? Wane lokaci ne ya fi muku sauƙi?"

"In an ajiye mini kusa da buta, bayan sallar asuba zan sha."

Kun ga ɗan bai yi faɗa ba, bai kuma koya wa mahaifinsa hankali ba. Tsohon ne da kansa ya kawo dabarar, kuma abin da mutum ya zaɓa da bakinsa ya fi riƙe shi. Juma'a mai zuwa da wannan za a fara: an ajiye kusa da buta? Kwana nawa aka sha? Idan kwana 5 ne cikin 7, a yaba, sannan a tambayi abin da ya hana sauran biyun.

A lura da kunya ma. Akwai uwar da ba za ta faɗa wa ɗan farinta abin da ke damun jikinta ba, balle maganar fitsari ko ciwon ƙafa. A irin wannan gida, ƴa mace ko jika ya fi dacewa da kiran, tunda tsakanin kaka da jika akwai wasa, ana faɗin gaskiya cikin raha.

Lambobin da ya kamata mai kira ya sani

Tansiyo: idan awo ya riƙa kai 14/9 ko sama, wato 140/90, ana ɗaukar jini ya hau. Yawancin masu shi ba sa jin komai, shi ya sa jin daidai ba hujja ba ce ta barin magani. Idan lambar sama ta kai 18, a kai mutum likita a ranar.

Sukari: awon safe kafin a ci komai, idan ya kai giram 1,26 a lita ko ya wuce, kuma aka sake aka samu haka, alamar ciwon sukari ce. Idan ya faɗi ƙasa da 0,70 kuma, shi ma haɗari ne, yakan faru ga mai shan wasu magunguna ko allurar insulin da bai ci abinci ba. Alamunsa su ne gumi, rawar jiki, yunwa mai tsanani da ruɗewa. Idan yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwan sukari nan take, sannan a kai shi likita. Idan ya suma, kada a zuba masa komai a baki.

Gishiri: OMS ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi guda kenan, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da kanwa. Wannan magana da mai girki za a yi ta, domin tsoho ba shi ke sa hannu a tukunya ba.

Motsa jiki: minti 150 a mako, wato kamar tafiyar rabin awa sau 5, da safe ko da yamma in rana ta yi sanyi. Wanda bai iya haka ba ya fara da zagaya gida. Mai sukari kuma a duba ƙafafunsa kullum, kada ya yi yawo ba takalmi, domin ƙaramin miki ko sukar ƙaya na iya zama babban gyambo.

Inda waya ba ta isa ba

Mai rakiya ba ya canza magani, ba ya ƙarawa, ba ya ragewa, ba ya kuma cewa a gwada wanda ya yi wa maƙwabci aiki. Wannan aikin majo ne ko likita. Haka saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp, masu cewa ga ganyen da ke warkar da sukari kwata-kwata, kada a tura wa tsoho su sa ya ajiye maganinsa. Mai sukari da ke son yin azumi ya ga ma'aikacin lafiya tun kafin watan ya kama.

Akwai kuma alamun da in an ji su, a kashe waya a nemi mota ko amalanke: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta ɓangare guda ta mutu, magana ta sarƙe, ciwon ƙirji mai tsanani, numfashi ya yi wuya, ko mutum ya rikice bai gane mutane ba. Shanyewar ɓarin jiki ba ta jiran gari ya waye. Saboda haka tun yau a ajiye lambar ma'aikacin CSI mafi kusa, da ta wakilin lafiya na gari, da ta mai mota guda, a wayar gida da kuma wayar wanda ke waje.

Mun san rezo yakan ɗauke, caji yakan ƙare, wasu tsofaffin kunne ya yi nauyi. Idan kira ya ƙi shiga, a bar saƙon murya gajere, jika ya kunna musu, su ma su mayar da nasu. Waɗanda ke da hali su haɗa kuɗi su sayi na'urar awon tansiyo ta hannu, guda ɗaya tana isar gidaje da yawa a unguwa, sai majo ya nuna yadda ake amfani da ita.

A ranar 5 ga Mayu 2023 OMS ta ce korona ta daina zama lamarin gaggawa na duniya. Amma abubuwan da ke raba tsoho da likita suna nan: damina ta yanke hanya, zafin bazara, kuɗin mota, ko wata annoba kamar sanƙarau da kwalara. Tansiyo da sukari kuwa kullum suna tare da mai su. Don haka wannan Juma'ar, in kun kira gida, bayan gaisuwa ku tambayi ƙwaya nawa suka rage, yaushe aka yi awo na ƙarshe, kuma wace rana ce randebu na gaba. Ku rubuta amsar, ku sake kira mako mai zuwa a daidai lokacin.

Allah ya ba iyayenmu da kakanninmu lafiya, ya dawo da matafiya gida lafiya. Sai mun ji daga gare ku.