Idon Zakara A Gida: Renonsa Da Abin Da Mai Juna Biyu Za Ta Kiyaye

Uwargida mai juna biyu, da kai maigida, da wuya a ce ba ku san idon zakara ba. Shi ne tsiron nan mai yaɗo da ke nannaɗe darni da bishiyoyi, mai ƙananan 'ya'ya jajaye da ɗigon baƙi. Ganyensa yana da zaƙi, kuma an daɗe ana amfani da shi don tari da ciwon maƙogwaro. Amma 'ya'yansa guba ne, saboda haka duk mai son ajiye shi a gida sai ya san yadda zai rene shi.

Inda za a shuka

A shuka shi da farkon damina, wajen watan Yuni, a ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, a kafa masa sanda ya hau. A zaɓi wuri mai shinge, nesa da madafa, da turken awaki, da inda yara ke wasa. Kada a shuka shi, ko wani tsiron magani, a inda aka taɓa niƙa duwatsun zinariya. Ba mu manta da gubar dalmar shekarar 2010 ba, wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, irin su 'Yargalma da Dareta.

Kulawa

Idan kwanson 'ya'yan ya bushe yakan tsage, jan ya fito fili, yaro ya gani ya kai baki. Don haka, maigida, ka riƙa yanke kwanson tun yana ɗanye, ka jefa a masai, ka share waɗanda suka zuba, sannan ka wanke hannu da sabulu. Kada a huda 'ya'yan don yin abin wuya.

Ke mai juna biyu

Kada ki sha komai na wannan tsiro, ko ganye, ko saiwa, balle 'ya'ya, domin kina iya rasa cikin, har ma da ranki. Haka kuma lokacin shayarwa. Idan tari ya dame ki, ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya ranar awo.

Idan yaro ya ci

Gubar da ke ciki, mai suna abrin, tana fita ne idan an tauna ƙwayar, kuma guda ɗaya ma tana iya kisa. Alamunta su ne amai, ciwon ciki da gudawa, wani lokaci da jini, kuma suna iya jinkirta har kwana uku. Kada ku jira su bayyana, kada ku ɗura masa manja ko jiƙo. Ku garzaya babban asibitin Bukkuyum, Anka ko Gummi, ku tafi da sauran 'ya'yan likita ya gani. Gubar ba ta da makari, isa asibiti da wuri shi ne ceto.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya sauke ki lafiya.