Rubutu a Gefen Takarda: Tsohuwar Dabara da Sabon Alƙalami

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in gaya muku wata dabara da na gwada sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa, ko wataƙila ta amfani waninku.

Ajin da aka ba ni yara 56 ne. In na ba su insha'i, sai in yi kwana uku ina bi da jan alƙalami. Ran da na mayar musu kuwa, maki kaɗai kowa ya ke dubawa, ya rufe littafinsa. Kuskuren da na gyara wa wannan yau, gobe sai in tarar da shi wajen wancan, domin ba wanda ya ke ganin gyaran ɗan'uwansa.

To, maganin ba sabon abu ba ne. Duk wanda ya taɓa buɗe littattafan malamanmu na zaure ya ga ƙananan rubutu a gefe da tsakanin layuka, inda almajiri ya rubuta ma'anar kalmar Larabci da ajami. Na baya ya zo ya karanta, ya ƙaru. Bambancin kawai shi ne yanzu takardar tana cikin intanet, mutane da yawa suna iya rubutu a gefenta lokaci guda, kowa da wayarsa ko kwamfutarsa.

Akwai irin waɗannan kayan aiki da dama. Akwai Perusall, wanda malaman Jami'ar Harvard ta Amurka suka ƙago don ɗalibai su riƙa karatu tare. Ni dai na yi aiki da Google Docs, wanda ya fito a 2006, domin kyauta ne. Ga yadda a ke yi. Malami ya sa labari ko insha'in yaro guda, bayan ya cire sunansa. Yaro ya zaɓi kalma ko jimla, ya rubuta tambayarsa ko gyaransa, sai ta bayyana a gefe daura da wurin. Wani ya amsa a ƙarƙashi. Malami shi ne na ƙarshen magana.

Amma ku lura da izini. Iri uku ne: na kallo kawai, na sharhi, da na gyara. Ran farko, cikin rashin sani, na ba su na gyara. Kafin a yi minti goma wani ya share rabin labarin! Allah ya taimake ni na'urar tana ajiye tarihin takarda, na maido da shi. Tun daga ran nan izinin sharhi kaɗai na ke ba su. Haka kuma in malami ya bar ƙofa a buɗe ga kowa, yara sai su bayyana da sunayen dabbobi, ba a san mai magana ba, nan da nan sai ba'a ta shigo. Lalle kowa ya shiga da sunansa.

Dokoki uku na kafa musu. Na fari, a faɗi abin da ya yi kyau kafin a faɗi aibu. Na biyu, wanda ya ce kuskure ne ya kawo dalili. Na uku, rubutu a ke gyarawa, ba mai rubutu ba.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba. Ita ce ta fara gano cewa mai insha'in ya soma labari da “na tafi”, ya ƙare da “ya tafi”. Ashe ba sani ta rasa ba, kunya ce ta hana ta.

Ko da ya ke haka ne, kada mu ruɗi kanmu. Ba kowane yaro ke da waya ba, ga tsadar data, ga ɗaukewar wuta. Sai na raba su bakwai bakwai, kowace ƙungiya da waya guda. Ran da ba wuta kuwa, sai in manna takarda a tsakiyar babban kwali, su rubuta a gefe da fensir. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kun je gwajin koyarwa ku jarraba, ku rubuto mana abin da kuka gani. Allah ya ba mu sa'a, amin.