Firinta Mara Waya Ta Ɓace Daga Wi-Fi? Kafin Ka Kai Ta Gyara, Duba Adireshinta

Duk ɗan kasuwar da ke hada-hada tsakanin Ƙonni da Illela, ko Maraɗi da Jibiya, ko Gaya da Kamba, ya san takarda ita ce rabin tafiya. Ga rasit, ga jerin kayan da aka loda wa mota, ga takardun da za a nuna wa 'yan duwan. Shi ya sa da yawa suka sayi firinta mara waya suka ajiye a gida, domin su buga abin da suke so daga salula ko kwamfuta ba sai sun bi layi a shagon buga takardu ba. Sai dai kukan da muke yawan ji shi ne, jiya ta yi aiki lafiya, yau an loda mota, direba na jira, kwamfuta kuma ta ce ba ta ga firinta ba.

Mu ma a gidan rediyonmu mun sha wannan wahala wajen buga sanarwar aure da ta cigiya. Har mun yi shawarar sayar da tamu mu sayi sabuwa, kafin mu gano cewa lafiyarta ƙalau. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ɗauke wuta ne babban mai laifi

Akwatin intanet da ke raba Wi-Fi a gida, wanda wasu ke kira rauta, yana ba kowace na'ura lamba tata, wato adireshin IP, kamar 192.168.1.20. Wannan lamba aro ce, ba mallaka ba. Idan an ɗauke wuta, ko an juya daga wutar gari zuwa janareta, akwatin ya mutu ya sake tashi, yana iya sake rabon lambobin, firinta ta samu wata daban. Ita kuwa kwamfuta tana can tana aika aiki zuwa tsohon adireshi. Kamar mai rumfa ne ya koma wani layi a kasuwa bai sanar da abokan cinikinsa ba.

Ƙari a kan haka, firinta kan riga akwatin tashi idan wuta ta dawo. Ta nemi Wi-Fi ba ta samu ba, wasu kuma ba sa sake nema sai an kashe su an kunna. Saboda haka matakin farko shi ne a kashe duka, a kunna akwatin shi kaɗai, a jira kamar minti 2 har fitilunsa su tsaya, sannan a kunna firinta, daga ƙarshe kwamfuta.

Idan ba ta dawo ba, a sa firinta ta buga takardar bayanin haɗinta. Kusan kowace iri tana da wannan a cikin saitinta. A duba adireshin da ke jiki. Idan ya fara da 169.254, to akwatin bai ba ta lamba ba ke nan, sai a sake haɗa ta da Wi-Fi da lambar sirri. Idan kuma ya fara da 192.168 amma ya bambanta da wanda kwamfuta ta sani, to an kama ɓarawon.

Maganin dindindin shi ne a keɓe wa firinta adireshi guda da ba zai canza ba. Ana shiga shafin saitin akwatin da adireshin da aka rubuta a bayansa, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, wasu ƙananan kuma 192.168.8.1. A nemi inda aka rubuta DHCP, a ɗaura lamba ɗaya a kan lambar MAC ta firinta, wadda take cikin takardar da aka buga ɗazu. Sannan a cire firinta daga kwamfuta a sake shigar da ita da wannan adireshi. Wanda bai saba ba ya kira mai gyara, ya gaya masa ainihin abin da yake so a yi. Aiki ne na 'yan mintoci, ba ya buƙatar sayen komai. Tun da muka yi wa tamu haka ba ta sake ɓacewa don an ɗauke wuta ba.

Sauran wuraren da za a leƙa

Akwatunan zamani suna watsa Wi-Fi ta hanyoyi 2, wato 2.4 GHz da 5 GHz, sau da yawa da suna guda. Firintoci da dama, musamman masu araha da na hannu, 2.4 kawai suke ji. Idan haɗin na yawan yankewa, a raba wa hanyoyin biyu suna, a ɗora firinta a kan 2.4. Haka nan tsofaffin firintoci ba su san sabon tsarin tsaro na WPA3 ba, sai an mayar da akwatin kan WPA2.

Sai batun wuri. Ƙarfe yana tare Wi-Fi, bango mai kauri yana rage masa ƙarfi. Wanda ya ajiye akwatin a uwar ɗaka, firinta kuma a shagon ƙofar gida mai kwano ko cikin kwantena, kada ya yi mamaki. A ɗaga akwatin sama, a fito da shi daga bayan firij ko cikin durowa, a matso da su kusa da juna.

Akwai kuma barci. Firinta tana kwanciya idan ta jima ba aiki don rage cin wuta, wasu kuma ba sa farkawa da kira daga Wi-Fi. A tsawaita lokacin a saitinta, a kuma kashe tsarin da ke sa ta mutu da kanta.

Masu raba intanet daga salula ko ƙaramin akwatin aljihu su ma su kula. Da zarar maigida ya fita kasuwa da salular a aljihu, Wi-Fi ya bi shi, firinta ta zama marainiya. Ƙananan akwatunan kuma suna da iyakar na'urorin da suke ɗauka. Idan yara da maƙwabta suka cika shi, firinta ba za ta samu gurbi ba. Wanda ya canza lambar sirri don korar maƙwabta ya tuna cewa ya kori firintarsa ma, sai ya shigar mata da sabuwar. A tabbata kuma salula da firinta suna kan Wi-Fi guda, domin salular da ke kan data ta layin waya ba za ta gan ta ba.

Ranar da komai ya ƙi

Ya kamata mai karatu ya sani cewa buga takarda a gida ba ya buƙatar data a yawancin firintoci. Muddin akwatin na kunne, na'urorin za su ga juna ko da kuɗin intanet ya ƙare. Yawancinsu kuma suna da Wi-Fi Direct, wanda ke haɗa salula da firinta kai tsaye ba tare da akwatin ba. A gwada shi tun ana zaune lafiya, ba sai ranar lodi ba.

Shawararmu ta ƙarshe ita ce a ajiye wayar USB a kusa, domin ita ba ruwanta da adireshi ko bango. Mai hali ya sa wa akwatin ƙaramin batir ko ya ɗora shi kan sola don kada ya riƙa mutuwa. Takardun tafiya kuwa a buga su tun da dare, kada a bari sai direba ya tayar da mota.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, amin.