Masu Yi wa Barewa Noma

A kudu maso yammacin jihar Wiskonsin ta Amurka akwai mutanen da ke sayen taki da iri a watan Yuli, su kafce ƙasa, su yi shuka, su dinga duban sama suna jiran ruwa, alhali ba su da niyyar girbe ko zangarniya ɗaya. Gonar ta bareyi ce. Burin mai ita shi ne wata barewa ta saba da shigowa kiwo tun rana ba ta faɗi ba, ta riƙa bi ta gindin bishiyar da zai hau da bakansa ranar da hukuma za ta buɗe farauta, wato Asabar ɗin da ta fi kusa da 15 ga Satumba.

Na zauna a wannan yanki lokacin da nake karatun aikin gona. Dattijon da nake haya a gidansa yana da fili eka 80, rabi daji, rabi gonar da ya ba wani manomi haya yana zuba masara da waken suya. A hannunsa na ga yawancin abin da zan faɗa.

Barewar tasu ta fi tamu ta Sahel girma nesa ba kusa ba, don ƙasaitaccen namiji yakan haura kilo 90. Ƙarƙashin wutsiyarta fari ne fat, in ta firgita sai ta ɗaga ta ta zura da gudu, duk 'yan'uwanta sun sami labari ke nan. Namiji ne ke da ƙaho mai rassa, kuma kowace shekara yakan zubar da shi cikin hunturu ya tsiro sabo. Wajen shekarar 1900 masu farautar kasuwa sun kusa ƙarar da ita, abin da ya rage a faɗin ƙasar bai wuce rabin miliyan ba. Dokoki suka hana cinikin naman daji, aka ƙayyade lokacin harbi, sannan a 1937 dokar Pittman-Robertson ta ɗora haraji a kan bindigogi da harsasai don kula da namun daji. A 1972 aka haɗa da baka da kibiya, kashi 11 cikin ɗari. Yau ana ƙiyasin bareyin sun kai miliyan 30. Sun yi yawan da suke ɓarnar amfanin gona, motoci kuma na karo da su fiye da sau miliyan a shekara, har hukuma ta koma tana buƙatar maharbi.

Wiskonsin ce jihar farko da ta ware wa masu baka lokacinsu na musamman, a 1934. Abin da ke jan mutane zuwa ga baka shi ne tsawon lokacin. Babbar farautar bindiga a jihar kwana tara ce a ƙarshen Nuwamba, mutum sama da rabin miliyan su cika daji sanye da rigunan ruwan lemo. Mai baka kuwa yana da daga tsakiyar Satumba har farkon Janairu, dajin kuma shiru. Bakan da yawancinsu ke riƙewa mai 'yan tayoyi ne a bakinsa biyu, ƙirar wani mutumin Mizuri mai suna Holless Wilbur Allen da aka yi wa rajista a 1969. In ka ja tsirkiya ta kai ƙarshe, tayoyin sukan ɗauke maka mafi yawan nauyin, ka iya riƙewa kana jiran dabba ta gyara tsayuwa. Sai dai babu dafi. Maharbinmu da ke shafa wa kibiya dafin kwankwani ya san ko a cinya ya samu dabba aiki ya gama. A can doka ta hana. Kaifin tsini ne kaɗai zai yi kisa, dole ne kuma ya ratsa huhu ko zuciya, shi ya sa yawancinsu ba sa saki sai barewa ta matso kamar taku ashirin zuwa talatin.

To, yaya za a yi dabbar da ke jin warin mutum daga nesa ta zo taku ashirin? Amsar tana cikin cikinta. Duk tsawon lokacin zafi mazan bareyi sukan haɗa gungu, uku ko biyar, ba faɗa. Su wuni kwance a duhuwa, da yamma su tashi su nufi gonar wake ko ta ciyawar alfalfa, kusan ta hanya ɗaya kullum. Wanda ya tsaya daga nesa da tabarau mai jawo nesa kusa a watan Agusta zai iya faɗa maka ta wace kusurwa wane namiji ke fitowa. Amma wannan tsari ba ya daɗewa. Da rana ta ƙara gajarta a farkon Satumba, sai fatar nan mai laushi da ke lulluɓe da ƙaho ta bushe, su goge ta a jikin itatuwa, jininsu ya fara tashi, gungu ya fara watsewa. Ganyen wake kuma ya yi rawaya su guje shi. Sannan 'ya'yan itacen ok su fara zuba a cikin daji, musamman na farin ok da ba su da bauri sosai, barewa ta samu abinci a bakin makwancinta, ta daina fitowa fili da haske. Tsakanin buɗe farauta da rushewar wannan tsari, maharbi ba shi da abin da ya wuce mako ɗaya ko biyu. Daga nan sai ya jira Nuwamba, lokacin barbara, da maza ke rasa hankalinsu.

Duk wahalar gyaran fili don waɗannan 'yan kwanaki ake yin ta. Maigidan nawa yakan fara da ɗibar ƙasa ya aika a gwada, domin ƙasar daji tana da tsami, in ba a zuba mata garin farar ƙasa ba taki asara ne. Gonakinsa na bareyi ƙanana ne, babu wadda ta kai eka ɗaya, kuma ya yi su ne a tsakanin makwanci da babbar gonar wake. Dabarar ita ce tsohon namiji ba ya shiga buɗaɗɗen fili sai duhu ya yi, amma yakan tsaya ya ɗan taɓa kiwo a ƙaramin sarari da daji ya kewaye tun da sauran haske. A ɗaya ya shuka kuloba, wata ciyawa dangin wake da ke yin shekaru tana tohowa. A ɗayar yakan watsa alkama da dangoginta a ƙarshen Agusta, don su fito kore shar daidai lokacin da wake ya bushe, ya haɗa da wasu saiwoyi dangin kabeji da bareyi ke tonowa bayan sanyi ya sauka. Ya binne wani tsohon baho ya cika shi da ruwa, saboda a Satumba akwai sauran zafi, barewar da ta tashi daga kwanciya takan fara neman sha.

Akwai abin da ya ba ni dariya a dokar. Tun da aka gano a jihar a 2002 wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da barewa har ta mutu, wadda aka fara gani a Kolorado a 1967, an hana zuba masara a ƙasa don jawo bareyi a yawancin gundumomi. Hujjar hukuma ita ce in suka haɗa baki a tsibi ɗaya, yawu zai yaɗa cutar. Hujja ce mai kyau. Amma wanda ke da fili da tarakta ya shuka tasa masarar a tsaye ba laifi, wanda ba shi da komai sai buhu ɗaya a bayan mota shi ne mai karya doka. Farashin filin farauta kuma sai hawa yake, musamman a gundumar Bafalo da ta yi suna da manyan ƙahoni, inda baƙi masu kuɗi ke kama haya su kafa allon hana shiga. Talaka sai ya nufi dajin gwamnati, inda bareyin suka riga suka yi wayo.

Sauran aikin na gatari ne da haƙuri. Tun kafin Agusta ake ɗaure kujerar ƙarfe a jikin bishiya, sama da ƙasa kamar mita biyar ko shida, tare da igiyar ɗamara, don faɗowa daga bishiya na cikin abubuwan da suka fi raunata maharba a can. A sare 'yan rassan da za su iya kautar da kibiya, amma kaɗan, don barewa ta san dajinta, in ta ga sabon sara za ta tsargu. A share hanyar da za a bi a kai bishiyar ba tare da taka busasshen ganye ba. Ana kuma liƙa kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu, wasu ma har su turo wa mutum a waya. Jihar Arizona ta haramta su don farauta daga 2022, kuma ni dai ina bayanta.

Bayan an gama wannan duka, babban aiki shi ne a ƙaurace wa wurin. Na ga dattijon nan ya shirya tsaf ranar buɗewa, ya fita ƙofar gida ya saki wata audugar daji ya ga inda ta nufa, ya dawo ya rataye baka ya kunna talabijin. Iska na kaɗawa daga bishiyarsa zuwa makwanci, in ya hau, namijin da ya yi wata biyu yana bibiya zai shaƙi warinsa ya koma fitar dare har ƙarshen shekara. A ƙasa mai tuddai abin ya fi rikitarwa, don da yamma iska mai sanyi takan gangara ƙasa, da hantsi kuma ta hau sama, tana ɗauke da warin mutum. Saboda haka ma suka fi son dakon yamma a farkon lokaci. Mai zuwa da asuba yakan ci karo da bareyin suna dawowa daga gona ya kore su da kansa.

Ko an saki kibiya ba a gama ba. Gudunta bai wuce kamar mita 90 a daƙiƙa ba, sauti kuwa na yin 340, don haka ƙarar tsirkiya ke riga isa, barewa ta durƙusa don zabura, kibiya ta wuce ta samanta. In ta samu huhu biyu, dabbar ba ta yin nisa. In ta faɗa hanta ko tumbi, al'adarsu ita ce a ƙyale ta sa'o'i da yawa, wani lokaci har ta kwana, don bin sawun jini da wuri yakan tayar da ita ta ɓace. A nan Musulmi zai tuna karatun Risala ta Ibn Abi Zaid: abin da kibiyarka ta kashe bayan ka yi bisimilla halal ne, in ka tarar da shi da rai ka yanka, amma akwai saɓani a kan wanda ya kwana ba ka gan shi ba. A Satumba zafi ma kan raba gardamar, don naman da ya kwana a daji da kayan ciki a jikinsa yakan lalace kafin gari ya waye. Shi ya sa maigidan ke ajiye buhunan ƙanƙara a mota. Da ya samu dabbar zai farke ciki a nan take, ya cusa ƙanƙara a ƙirjin, ya yi wa hukuma rajistarta ta waya kafin ƙarfe 5 na yammar washegari, sannan ya kai kan a gwada cutar nan kafin kowa ya ci.